Yadda Ake Gano Ainihin Nauyin Harajin Babban Kamfani a Kaduna

Kashi 30 cikin 100 da ake yawan ambata harajin ribar kamfani ne kawai. Mai masana'anta a Kakuri ko Kudenda yana ɗauke da wasu a gefe, kuma ba zai san nauyinsu ba sai ya tara su a takarda guda.

Da farko a raba kaya gida biyu: abin da kamfani ke biya daga aljihunsa, da abin da yake karɓa a madadin gwamnati. VAT na kashi 7.5 da aka caji mai saye, da PAYE da ake cira daga albashin ma'aikata a miƙa wa KADIRS, hukumar harajin jihar Kaduna, amana ce a hannun kamfani, kada a sa su a lissafi. Nan ne akawu da yawa ke kumbura adadi.

Sai a koma kan riba. Dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, ta haɗe harajin ilimi da na NITDA (hukumar fasahar sadarwa) da NASENI (hukumar kimiyya da injiniyanci) da asusun 'yan sanda zuwa harajin raya ƙasa na kashi 4. A lura, ma'auninsu ya bambanta: kashi 4 ana ɗora shi kafin a cire rangwamen da ake yi wa kamfani kan kuɗin da ya kashe a injina da gine-gine, kashi 30 kuma bayan an cire. Misali, ribar da hukuma ta amince da ita naira miliyan 1,000 ce, rangwame miliyan 200. Harajin raya ƙasa miliyan 40 ke nan, na riba kuma miliyan 240.

Daga nan sai na ma'aikata, da ake lissafawa a kan albashi: kashi 10 na fansho da mai kamfani ke zubawa, kashi 1 na NSITF (asusun diyyar ma'aikata), kashi 1 na ITF (asusun horas da ma'aikata). A ce sun tashi miliyan 40. A ƙara kuɗin kwastan kan kayan da aka shigo da su, da kuɗin ƙasa na KADGIS, hukumar filayen jihar Kaduna, idan akwai.

Yanzu a haɗa: idan babu kwastan da kuɗin ƙasa, miliyan 320 ke nan. A raba da ribar da ke cikin asusun kamfani kafin a cire duk waɗannan. Idan miliyan 1,000 ce, nauyin ya zama kashi 32.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne na harajin da abokan ciniki ke cirewa tun kafin su biya. Wannan kafin alƙalami ne na harajin riba, kada a ƙirga shi sau biyu. Amma in wanda ya cire bai ba kamfani takardar shaidar abin da ya cire ba, babu abin da za a nuna wa NRS, hukumar harajin tarayya, tsohuwar FIRS, kuma kamfani na iya sake biya. A riƙa bibiyar takardun nan wata-wata, ba sai lokacin miƙa bayanan shekara ya gabato ba, wato cikin wata shida bayan rufe asusu.