Kafin a yi wa tsohuwar mota alaimen

'Yan uwa masu tsofaffin motoci, kada ku fara alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, kafin ku duba tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) da boljoyin (gaɓar da taya ke juyawa a kanta) da bushi (robar da ke tsakanin ƙarafa). Ku ɗaga motar da jak, ku riƙe taya ku jijjiga. In akwai wasa, a canza abin da ya ci, don duk awon da aka yi a kansa ɓata lokaci ne.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne tsakiyar sitiyari. Ku murɗa shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ku ƙirga zagayen, ku dawo rabi. A nan akwatin sitiyari ya fi matsewa, haka aka ƙera shi. Daga nan sai a juya tayarod na hagu da na dama daidai wa daida. Wanda ya gyara gefe ɗaya kawai, sitiyarinsa zai karkace.

Kasta (karkatar layin da taya ke juyawa a kansa, gaba ko baya) da kamba (karkatar saman taya, ciki ko waje) ake fara saitawa, tsukewar gaban taya a ƙarshe, motar tana tsaye a ƙasa, nauyinta a kan tayoyi. In tayoyin radiyal kuka sa, gaban tayoyin ya fi bayansu tsukewa da milimita 2 zuwa 3, ya isa. Ku tura motar gaba kaɗan, ku sake aunawa.