Yadda za a isar da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ga mai sauraro

A tsakiyar kowane wata Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, tana fitar da rahoton hauhawar farashin kayayyaki, kuma da Turanci yake fitowa, cike da jadawalai. Wanda aka ɗora wa nauyin kai shi ga jama'a, ɗan jaridar rediyo ne ko jami'in yaɗa labarai, ba zai fita haƙƙin mai sauraro ba idan ya tsaya ga karanta adadin da ke kan gaba kawai.

Ya fara da karanta bayanin yadda aka yi awon tun kafin ya dubi sakamakon. A watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari, sai ga rahoton Janairun 2025 ya zo da kashi 24.48. Ba kasuwa ce ta sauko cikin wata guda ba. Hukumar ce ta sauya shekarar da take gwada farashi da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta jerin kayayyakin da take bibiya da nauyin da take bai wa kowanne. Duk wanda ya jera waɗannan alƙaluma biyu a rediyo ba tare da wannan bayani ba, ya sa magidancin da ya dawo daga cefane ya ɗauka ƙarya ake yi masa, kuma da wuya ya sake amincewa da wani adadi na hukumar.

A nan ne ya kamata a fi ɗaukar lokaci, domin kalmar "raguwa" tana ruɗar mutane ƙwarai. Raguwar hauhawa na nufin kaya na ci gaba da tsada, sai dai saurin tashin ne ya lafa. A ɗauka mudun wake naira 1,000 ne bara. Idan ya tashi da kashi 24, bana naira 1,240 ke nan. Faɗin haka da naira da mudu ya fi kowane dogon sharhi amfani. Hukumar tana kuma fitar da rahoton farashin wasu kayan abinci, irin su shinkafa da wake da gari, wanda ke nuna bambanci tsakanin jihohi, kuma shi ya fi kusa da abin da mai sauraro ke gani a kasuwarsa.

Haka batun rashin aikin yi yake. An sanar da kashi 33.3 na ƙarshen 2020, sannan kashi 4.1 na farkon 2023, bayan an koma ga ma'aunin da ke lissafa wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki. Dole a faɗi wannan ma'ana a jimla ɗaya da adadin, ba a ƙarshen shiri ba.

Daga nan sai a mayar da kaso zuwa mutane. Rahoton talauci da hukumar ta fitar a 2022 ya ce 'yan Najeriya miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, na cikin talauci mai fuskoki da yawa. Ya fi sauƙi a ce fiye da mutum shida cikin kowane goma, a kuma bayyana cewa ba kuɗin aljihu aka duba ba, abin da aka duba shi ne lafiya da ilimi da yanayin zaman gida da aikin yi da tsaro. A ganina adadin ƙasa baki ɗaya bai cika gamsar da kowa ba, tunda a rahoton nan Sakkwato na da kashi 91, Ondo kuwa kashi 27, don haka a nemo na jihar da ake watsa shirin a cikinta a fara da shi.

Akwai kuma bambancin ƙirge da hasashe. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140 da 'yan kai, saboda haka duk wani yawan jama'a da ake ambata a yau ƙiyasi ne, kuma ya dace a kira shi da sunansa. A faɗi lokacin da aka tattara bayanai, wanda sau da yawa ya riga ranar fitar da rahoto da watanni. Idan shirin na karɓar kiran waya, a gayyaci jami'in ƙididdiga na jihar da ke jin Hausa, domin ya amsa wa masu kira da bakinsa kasuwannin da ake ɗaukar farashi a cikinsu da yadda ake zaɓen gidajen da ake yi wa tambayoyi.