Kafin ka hau babbar fikof a Yamai: batun permi, lodi da yaran da ba ka gani

Jama'a manyan fikof ɗin nan na Amurka sun fara yawa a gari, su Tundra da RAM da Ford, ga kuma Hilux da Land Cruiser da munka saba da su tun da can. Mota ce mai kyau da ƙarfi ba musu, amma da yawa cikinmu daga ƙaramar Corolla muke tsallakawa mu haye ta ba tare da mun koyi komi ba, kuma wallahi ba tuƙinsu ɗaya ba.

Fara da takarda tukunna. Ɗauko kart griz ɗin motar ka nemi inda anka rubuta PTAC, wato nauyin motar gaba ɗaya har da kaya da mutane da doka ta yarda ta kai. Permi B da yawancinmu muke da shi iyakarsa kilo 3,500 ne, kujeru kuma kar su wuce 9 har da ta direba. Hilux tana ciki. Amma irin su Ford F-250 ko RAM 2500 nauyinsu ya kai wajen tan 4 da rabi, waɗannan sun shiga sahun kamiyo, permi C suke buƙata ko da kuwa kai kaɗai ne a ciki bayan motar fayau, don nauyin da ke rubuce ake dubawa ba kayan da ka ɗauko yau ba. In motar daga Amurka ta fito buɗe ƙofar direba ka duba ɗan lambar da ke manne a jikin ƙarfen, za ka ga GVWR, shi ne PTAC ɗinsu, kuma ka karanta na kilo don suna rubuta awo iri biyu. Ka yi wanga binciken tun kafin ka biya kuɗin mota. In za ka ja remork da ta wuce kilo 750 je oto-ekol ka tambaya batun permi E. Asirans da bizit teknik da binyet kuwa kowa ya san zancensu, abin da mutane ba su lura ba shi ne ranar da tsautsayi ya faɗa in permin ka bai dace da motar ba masu asirans na iya zame jiki su bar ka da ɗawainiya.

To yanzu abin da ya fi damuna, gaban motar. Hancin fikof ɗin nan dogo ne kuma sama yake, duk abin da ke daf da shi direba ba ya ganinsa sam. Gwada da kanka a ƙofar gida: zauna mazaunin direba yadda ka saba, ka sa wani ya ajiye bido mai lita 25 a gaban mota yana nisanta shi da motar sannu sannu har sai ka hango murfin. Sauko ka taka ka ƙirga ƙafa nawa ne tsakani. Duk wannan filin yaro ɗan shekara biyu zai tsuguna ciki yana wasan ƙasa kai ba ka da labari, kuma mun san unguwanninmu, yara sun fi son inuwar mota da rana. Don haka kafin ka tada ta zagaya ta sau ɗaya ka leƙa ƙarƙashi, kullum, ko sauri kake. Wata cibiyar binciken haɗurra a Amurka da ake kira IIHS ta fitar a 2023 cewa motocin da tsayin gabansu ya wuce mita 1 sun fi ƙananan motoci masu gangaren gaba kashe mai tafiya a ƙafa da wajen kashi 45 cikin ɗari. Dalilin a fili yake, ƙaramar mota ƙafa take duka mutum ya faɗo bisa kanta, babba kuwa ƙirji da kai take samu ta kuma tura shi ƙarƙashi. In an ƙara mata ƙaton ƙarfen gaban nan na ado abin ya ƙara muni, in ba daji kake shiga ba don Allah cire shi.

A cunkoso irin na Katako ko Wadata ko bakin gadar Kennedy da safe, 'yan kabu-kabu suna bi ta damarka daidai inda madubi bai kamawa. Kunna sigina da wuri, juya wuyanka ka duba, sannan ka karya kan mota. Kar ka dogara da kyamarar baya kaɗai, ƙura na rufe ta.

Birki kuma, mutane na zaton kat-kat, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja mota, na taimakawa wajen tsayawa. A'a, wajen ja kawai take taimako. In kana gudun 90 a hanyar Doso, cikin daƙiƙa ɗaya tal motar ta ci mita 25 tun ƙafarka ba ta taɓa birki ba, kuma in ka ninka gudu nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. Ga jakai da shanu da amalanke marar fitila da dare. Bar tazara mai yawa tsakaninka da na gaba. Kuma kar ka fizge sitiyari don kauce wa rami kana cikin gudu, mota mai tsayi saurin kifewa gare ta, gara ka rage gudu ka shiga ramin. A hanyar jan ƙasa mai gargada in bayan ba kaya wutsiyar motar rawa take, nan ne wurin sa kat-kat, amma in taka irin ta liba ce kamar Hilux cire ta da zarar ka hau busasshiyar kwalta kar ka ɓata giya.

Lodi lissafi ne mai sauƙi. Hilux abin da take ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, har da ku mutanen ciki. Maza biyar sun ci kilo 350, saura siminti buhu 13 ke nan, ba 30 ba. Mai nauyi a jera shi kusa da kan mota a ɗaure da igiya mai kyau. Mutane a baya kuwa na san halin da ake ciki ranar biki ko kasuwa ko jana'iza, amma babu abin da ke riƙe su, birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya watso su ƙasa, ko ba komi yara dai kar a ɗora su can.

Duba taya da safe tana sanyi, awon iskan yana rubuce a ƙofar direba, a jikin tayar kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT sati ne da shekarar da anka ƙera ta, tsohuwar taya ga lodi ga zafin watan Afrilu fashewa take. Ɗaura sentir kai da duk wanda ke ciki. Ajiye 18 ta 'yan kwana-kwana da 17 ta 'yan sanda a wayarka. Makulli kuma kar a miƙa wa yaron gida marar permi wai ya gyara mata tsayuwa ko ya kai ta wanki, kai ta da kanka ko ka ba direba.