Darasi na Bakwai: Ciwon Muƙamuƙi da Yadda Za a Kwana da Sauƙi

Ku ɗora yatsa ɗaya a gaban kowane kunne, daf da ƙofarsa. Ku buɗe baki a hankali, ku rufe. Abin da kuka ji yana motsi a ƙarƙashin yatsunku shi ne kan ƙashin muƙamuƙi, wurin da yake juyawa kuma shi ne gaɓar da ta haɗa muƙamuƙin ƙasa da ƙoƙon kai. Gaɓoɓin biyu ne, dama da hagu, kuma ɗaya ba ta motsi sai da 'yar'uwarta. In kun lura, motsin hawa biyu ne. Da fara buɗe baki, ƙashin yana juyawa ne a inda yake. In bakin ya ƙara buɗewa, sai ya zame ya yi gaba. A tsakanin ƙasusuwan akwai ɗan faifan guringuntsi mai santsi da ke hana su gugar juna.

Yanzu ku mayar da yatsun kan kumatu, can wajen baya, ku cije haƙora. Tsokar da ta taso ta yi tauri ita ce babbar tsokar tauna. Ku matsa sama zuwa gefen kai, tsakanin ido da kunne, ku sake cijewa. A nan ma za ku ji wata tsokar ta motsa. Ku riƙe waɗannan wurare biyu da kyau, domin a wajen mafi yawan masu kukan ciwon muƙamuƙi, daga tsokar nan ciwon yake tasowa, ƙashin kuwa lafiyarsa ƙalau.

Yadda ciwon yake zuwa

Ciwo ne mai ɓad da kama. Wani kunnensa ne zai dame shi, a duba kunnen a ga ba komai. Wata kullum da ciwon gefen kai take tashi da safe, fuskarta a gajiye. Wani kuma yana cikin tauna sai ya ji ƙas, ko bakin ya ƙi buɗewa yadda ya saba. Tun a 1934 wani likitan kunne a Amurka mai suna James Costen ya yi rubutu a kan masu ciwon kunne da ciwon kai waɗanda ya danganta matsalarsu da muƙamuƙi. An fi samun ciwon a mata, musamman 'yan shekara 20 zuwa 40, amma maza ma ba su tsira ba.

Ƙarar ƙas-ƙas ita kaɗai, ba zafi, ba maƙalewa, ba abin tayar da hankali ba ce, kuma ba ta bukatar magani. Mutane da yawa suna da ita har ƙarshen rayuwarsu. Sai dai kada a riƙa buɗe baki da gangan don a ji ko ƙarar tana nan.

Akwai awo mai sauƙi da kowa zai iya yi. Ku wanke hannu, ku jera yatsu uku, ɗaya bisa ɗaya, ku gwada shigar da su tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. In sun shiga ba takura, baki yana buɗewa kimanin milimita 40, wato yadda ake so. In biyu ne kawai suke shiga, ko ma da ƙyar, to muƙamuƙi ya ƙage.

Hutun muƙamuƙi

Nan ne gindin darasin. Ku dunƙule hannu ɗaya da ƙarfi, ku riƙe shi haka har a ƙirga sittin. Kafin a kai ƙarshe za ku ji dantse ya fara tsami. Haka tsokar tauna take ji in mutum ya yini haƙoransa a haɗe, ko da bai matse su sosai ba. Mutane da yawa ba su san cewa haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa sai lokacin tauna da haɗiya ba. Sauran lokaci duka akwai ɗan fili a tsakaninsu, kamar milimita 2 zuwa 4.

Ga yadda ake gano zaman hutu. Ku ce "na, na, na", ku tsaya a inda harshe ya taɓa rufin baki, bayan haƙoran gaba na sama. Ku bar shi nan ba tare da turawa ba. Ku haɗa leɓɓa a hankali, ku saki muƙamuƙi ya ɗan rataya, ku yi numfashi ta hanci. Leɓɓa a haɗe, haƙora a rabe, harshe a sama. Da farko mantuwa za ta yi yawa, don haka ku haɗa shi da wani abin da kuke yi sau da yawa a yini, kamar shan ruwa ko ɗaukar waya. Duk sanda kuka yi wannan abin, ku tambayi kanku ko haƙora a haɗe suke.

Sai ƙananan ɗabi'un da ke ƙara wa gaɓar nauyi: zabga tagumi, maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, cin cingam, cizon farce ko murfin biro, ɓalle marfin kwalba da haƙori. In hamma ta zo, ku tokare haɓa da dunƙulen hannu don kada baki ya wage har ƙarshe. A kwanakin da ciwo ya tashi, a ci abinci mai laushi, a yi ƙananan loma, a tauna ta ɓangarorin biyu. Wannan na ɗan lokaci ne. In sauƙi ya samu a koma cin abinci yadda aka saba sannu a hankali, domin tsokar da aka daina sa wa aiki rauni take yi.

Aikin likitan fisiyo

Likitan fisiyo, wanda wasu ke kira likitan gashi, yana magani ne da hannu da motsa jiki. Zai auna buɗewar baki, ya duba ko haɓa tana karkata gefe guda, ya danna tsokar kumatu da ta gefen kai, wani lokaci har ta cikin baki da safar hannu. Zai duba wuya ma, don wuya da muƙamuƙi tare suke aiki, kuma mai yawan sunkuyar da kai gaba yakan ja wa muƙamuƙinsa. Wani likitan fisiyo ɗan ƙasar Chile, Mariano Rocabado, ya yi suna da tsarin atisaye shida, kowanne a maimaita sau shida, sau shida a yini. Hikimar tsarin ita ce a yi kaɗan-kaɗan amma a kai a kai.

Ku fara da gashi. A jiƙa tawul da ruwan ɗumi, a matse, a gwada a bayan hannu don kada ya ƙona, a ɗora a gefen fuska minti 15 zuwa 20. In ciwon sabo ne da ɗan kumburi, ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle ta fi, minti 10. Bayan gashi sai tausa: yatsu biyu a kan tsokar kumatu, a riƙa zagayawa a hankali, haƙora a rabe, kamar minti ɗaya kowane gefe.

Daga nan ku tsaya gaban madubi. Harshe a rufin baki, ku buɗe baki iya inda harshen ba zai saki ba, kuna kallon haɓa ta sauka a miƙe, ba ta kauce dama ko hagu ba. Ku rufe a hankali. Sau shida. Na biyu, ku miƙe zaune, ku ja haɓa baya a miƙe ba tare da sunkuyawa ba, ku ƙirga biyar, ku saki. Na uku, ku buɗe baki kaɗan, ku sa yatsa a gefen haɓa, ku tura kaɗan, muƙamuƙi kuma ya ƙi motsawa. Turawar ta zama mai sauƙi ƙwarai. Ku yi dama, ku yi hagu. Jin ɗan ja a tsoka ba laifi ba ne. Zafi mai suka kuwa alama ce ta a dakata.

Dare

Ciwo yana hana barci, rashin barci kuma yana sa a fi jin ciwon washegari. Kwanciyar rub da ciki ita ce mafi cutarwa, domin tana murɗe wuya, ta danne muƙamuƙi gefe guda har gari ya waye. Rigingine ta fi, da matashi wanda zai cike kwarin wuya ba tare da ya tura kai gaba ba. Wanda ba ya iya barci sai ta gefe, ya sami matashin da zai cike tsakanin kafaɗa da kunne, ya bar ɓangaren mai ciwo a sama, kuma ya cire hannu daga ƙarƙashin kunci. Rungumar wani matashin yana taimakawa wajen hana jiki kifewa.

Wasu suna cizon haƙora ko gurza su a cikin barci ba su sani ba, sai abokin kwana ya faɗa musu, ko likitan haƙori ya ga haƙoran sun siɗe. Ba abu ne da mutum zai hana kansa da niyya ba, tunda barci yake yi, amma ana iya rage abin da ke tayar da shi. Damuwa tana kan gaba, sai sigari, barasa, da shan kofi ko shayi mai ƙarfi da yamma. Kafin kwanciya ku ajiye waya, ku yi gashi da tausa, ku ja numfashi a hankali ta hanci sau da yawa, ku kwanta haƙora a rabe. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Likitan haƙori yana iya yi wa mutum roba daidai bakinsa wadda ake sawa da dare don ta kare haƙora. Mai minshari da ƙarfi, wanda numfashinsa ke tsayawa cikin barci, ya gaya wa likita kafin a yi masa robar, domin wannan cuta ce daban mai nata maganin.

Farasitamol yana rage zafi. Ibuprofen ma haka, na 'yan kwanaki, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha sai likita ya ce.

Ina roƙonku da abu ɗaya. Kada ku yarda a cire muku lafiyayyen haƙori, ko a goge shi, ko a gaggauta tiyata saboda wannan ciwo. A 1996 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta tara masana a kan matsalar, suka ba da shawarar a fara da hanyoyin da ba sa sauya baki har abada. Mafi yawan masu ciwon suna samun sauƙi da irin abubuwan da ke cikin darasin nan, haƙori kuwa in an cire shi ba ya dawowa.

Inda ba a jira

Ciwon muƙamuƙi tare da nauyin ƙirji, zufa, sarƙewar numfashi ko ciwon hannu yana iya zama bugun zuciya, a tafi asibiti nan take. Haka in baki ya wage ya ƙi rufuwa, ko an bugu a fuska haƙora suka daina haɗuwa daidai, ko fuska ta kumbura da zazzaɓi. In baki ya ƙi buɗewa bayan an ji rauni a jiki, ana tsoron tetanus, cutar sarƙe haƙora. Wanda ya haura shekara 50 kuma ya fara jin sabon ciwon gefen kai, muƙamuƙinsa yana gajiya in yana tauna, ko ganinsa ya dushe, ya ga likita a ranar, domin jinkiri yana iya taɓa ido.

Aikin gida

Ku ja layi uku a littafinku. A na farko ku rubuta kwanan wata. A na biyu ku rubuta ƙarfin ciwo da safe, daga 0 zuwa 10. A na uku ku rubuta yatsu nawa suka shiga baki da yadda kuka kwanta a daren. Ku cike shi kullum har mako biyu kuna yin atisayen. Wanda ba shi da ciwon ya taimaki wani mai shi ya cike nasa. In mako biyu sun cika lambobin ba su sauka ba, ko ma sun hau, ku ɗauki littafin ku kai wa likitan haƙori ko likitan fisiyo ya gani.