Daga Shirin Yara a Talabijin Zuwa Waƙa: Ta Ina Ake Farawa?

Kafin ka taka ƙofar situdiyo, ɗauko takardar yarjejeniyarka da gidan talabijin ka karanta ta layi-layi. Sau da yawa sunan shirin, da waƙar buɗe shi, har laƙabin da yara ke kiran ka da shi, duk mallakin tashar ne. A nan aka fi yin tuntuɓe: an kashe kuɗi an buga waƙa, sai ga takardar lauya. Ka nemi izini a rubuce, ko ka ƙirƙiri sababbin waƙoƙi.

Jarinka shi ne yaran da suka riga suka san muryarka. Xuxa, mai gabatar da shirin yara a Brazil, ta fara shirinta a tashar Globo a 1986, faifan da ta fitar a 1988 kuma aka sayar da fiye da kwafi miliyan 3, domin kullum yara na jin waƙoƙin a cikin shirin. Saboda haka kada ka yi gaggawar komawa waƙar manya.

Waƙar ta tsaya tsakanin minti biyu zuwa uku. Amshi ya shigo da wuri, layi biyu kacal, ya maimaitu aƙalla sau huɗu. Kuskuren da ya fi yawa, musamman ga maza, shi ne ɗora waƙa a kan muryar babba. Sai ta yi wa yaro ƙasa, ka ga yana motsa baki amma ba ya rerawa. Gwada ta da yara biyar kafin a haɗa kiɗa. In suka kasa kama amshin a ji na biyu, gyara shi ko a ɗaga muryar.

Ranar ɗaukar muryar yara, a samu amincewar iyaye a rubuce, babba ɗaya daga gida ya zauna. Yara huɗu zuwa shida sun wadatar. A tsayar da su kamar taku ɗaya daga makirufo, a ɗauka sau uku a haɗa, sai ya fito kamar aji guda. Bayan rabin awa sukan gaji, murya ta fara karkacewa, to a ba su hutu da ruwa.

Wajen lissafin kuɗi kuma, tun Janairun 2020 YouTube ke rufe sharhi da tallan da ke bin ɗabi'ar mai kallo a duk bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne, don haka abin da ke shigowa kan ragu. Tun farko ka sa wasa a makarantu da bukukuwan yaye ɗalibai cikin tsarinka.