Haƙori na zugi da ruwan sanyi? Duba abin da kake sha

Kukan ɗaya ne kullum: "Na kurɓi ruwan sanyi, na ji shi har tsakar ka." Sau da yawa tsami ne ya zaizaye farin ɓawon da ya rufe haƙori. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan kafofi da suka zarce zuwa jijiya, da ɓawon ya sirance sai sanyi da zaƙi su samu hanya. Kuma ba ya sake tsirowa.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne ruwan lemon tsami da sassafe don rage teɓa, ana kurɓa kaɗan-kaɗan, a gama a ɗauki buroshi. Ɓarna biyu ke nan a zama ɗaya. Ɓawon yana fara narkewa idan ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da 5.5 (ƙaramar lamba na nufin yawan tsami), lemon tsami kuwa tsakanin 2 da 3 yake, Coca-Cola wajen 2.5. Yawu na bukatar kamar rabin awa kafin ya kashe kaifin tsamin, kowace kurɓa kuma tana mayar da aikinsa baya. Sannan ka zo ka dirje haƙorin da ya yi laushi? Haba! Shanye a lokaci guda, tare da abinci, ka kurkure da ruwa zalla, ka bar buroshi sai bayan minti 30. Ni awa guda nake cewa.

Zoɓo, kunun tsamiya da tsotson tsamiyar kanta duk layi ɗaya suke, musamman a buɗa baki, lokacin da baki ya yini a bushe. Fara da ruwa. Wannan "mutuwar haƙori" da ake dariyarta bayan ɗanyen mangwaro gargaɗi ce.

Lemon kwalba marar sukari ma da tsaminsa. Tauna ƙanƙara tana tsaga haƙori. Gawayi da toka suna kankare ɓawon ne, farin da kake gani na ɗan lokaci ne.

Da dare a yi amfani da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori), a tofar, kada a kurkure. Mai yawan ƙwannafi ya nemi magani, don ruwan ciki ya fi zoɓo tsami. Idan haƙori ɗaya ne ke zugi, ko zugin ya daɗe bayan sanyin ya wuce, mai yiwuwa rami ne ko tsaga, sai likitan haƙori.