Yadda ɗalibin hoto zai zaɓi kyamararsa ta gaba

Yawancin masu koyon ɗaukar hoto da ƙaramar kyamara suke farawa, irin su Canon 2000D ko Nikon D3500, da ɗan lensin 18-55 da ke zuwa tare da ita. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ido ya buɗe, ka ga aikin manya, zuciya ta fara raya maka cewa kyamarar ce ta yi maka kaɗan. Wani lokaci haka ɗin ne. Sau da yawa kuma matsalar tana wani wuri, ga shi kuɗin ɗalibi ba na gwaji ba ne.

Mataki na farko, tun kafin ka tambayi farashi, ka koma kan hotunanka da suka lalace. Buɗe na watannin baya a kwamfuta, ka ware waɗanda ka so su yi kyau amma suka ƙi. Kowane hoto yana ɗauke da bayanin yadda aka ɗauke shi: ISO (ƙarfin jin haske na kyamara), saurin ɗauka da faɗin ƙofar haske. In ka ga yawancinsu na cikin ɗaki ne ko na dare, kamar wurin kamu ko dina, sun yi yashi-yashi a ISO 6400, to haske ne ya gaza maka. In dawakai ne a hawan Sallah suke fitowa dishi-dishi alhali saurin ɗaukar ya kai 1/1000 na daƙiƙa, to saitin fokas ne bai iya bin abu mai gudu ba, kuma a nan mai yiwuwa kyamarar ce da laifi. In kuwa hoton ya fito tas amma ba ya jan hankali, babu abin da kasuwa za ta sayar maka. Ka ƙara zama da malaminka.

Mataki na biyu, ka gwada canza lensi kafin ka canza kyamara. Nan nake so ɗalibai su fi tsayawa, don nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Lensin 18-55 idan ka zuƙo shi zuwa 55, ƙofarsa ba ta wuce f/5.6 (ƙaramar lamba ita ce ƙofa mai faɗi). Lensin 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafiya araha a Canon da Nikon da Sony, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Hoton da dā sai ka kai ISO 6400, yanzu a wajen 640 za ka ɗauke shi, fuskar amarya ta fito sarai, bayanta ya narke. A ƙaramin ɗaki 50mm na iya matse ka, sai ka nemi 35mm. Ari na abokin karatu na kwana biyu, ko ka ɗauki haya. In ka haɗa da filashi mai juya kai, wanda za ka haska silin da shi hasken ya sauko a hankali, wataƙila ka fasa sayen kyamarar gaba ɗaya a bana.

In gwajin ya nuna lallai sai an canza, mataki na uku shi ne zaɓen bakin kyamara, wato inda ake ɗaura lensi. Jikin kyamara yana tsufa cikin 'yan shekaru, lensi mai kyau kuwa sai ya yi shekara ashirin yana aiki, kuma kowane kamfani da irin bakinsa. Canon ta fito da bakin EF a 1987, Nikon tana kan bakin F tun 1959, shi ya sa lensunansu na hannu suka cika kasuwa. A 2018 duka biyun suka kawo sabon baki na kyamarori marasa madubi, wato waɗanda ba su da madubi a bayan lensi kamar yadda 2000D da D3500 suke da shi, Canon RF, Nikon Z. Tsofaffin lensunan suna hawa sababbin da adafta, sai dai adaftar FTZ ta Nikon ba ta juya fokas ɗin tsofaffin lensunan AF-D, da hannu za ka riƙa saitawa. Ka duba kuma abin da makarantarku da abokan aikinka suke riƙe da shi. Ranar da batirinka ya mutu ana tsakiyar biki, wanda ke kusa da kai mai irin kyamararka shi ne zai fitar da kai kunya.

Mataki na huɗu, girman sensa, wato faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara. Babba, wanda ake kira ful-firem, milimita 36 ne da 24. Na APS-C, irin na kyamararka ta yanzu, bai kai rabin filin wancan ba. Babban ya fi haƙuri da duhu, amma lensunansa sun fi tsada da nauyi, kuma akwai tarko: lensin EF-S na Canon, wanda aka yi don ƙaramin sensa, ba ya hawa masu babban sensa irin 6D ko 5D sam, takwaransa na DX na Nikon kuma yana hawa D750 mai babban sensa amma ya yanke hoton ya bar maka wajen megafiksel 10 daga cikin 24. Mai ɗaukar wasanni ko hawan dawaki ma ƙaramin sensan ya fi masa, don yana ƙara kusanto da abu. Kada yawan megafiksel ya ruɗe ka. Megafiksel 24 ɗigo 6000 ne a tsawo, 4000 a faɗi, ya isa a wanke hoton A3 mai kyau, kuma D3500 ɗinka ma 24 ɗin gare ta.

Mataki na biyar, mai madubi ko marar madubi? Marar madubi, irin Sony A7 III ta 2018 ko A6400 ta 2019, tana kama idon mutum da kanta, tana nuna maka hasken hoton tun kafin ka danna, kuma ta fi dacewa da mai haɗawa da bidiyo. Amma tana shan batir. A ma'aunin kamfanoni, D750 tana ɗaukar hoto 1,230 a caji ɗaya, A7 III kuwa 610 in ta tagar da ake kafa ido kake kallo. Ga wanda wutar lantarki ba ta zama a unguwarsu, wannan abin lissafi ne. Haka ƙurar hunturu: da ka cire lensi a yawancin marasa madubi, sensan a fili yake. A ganina, ɗalibin da hoto zalla yake yi kuma aljihunsa bai da nauyi, tsohuwar mai madubi ta ƙwararru, kamar D750 ko D7200 ko Canon 5D Mark III, ta fi masa sabuwar ƙarama. Dukkansu ukun suna cin katin memori biyu, hoto yana sauka a kan biyun lokaci guda, kuma duk mai karɓar kuɗin mutane ya ɗauki bikin da ba za a maimaita ba yana bukatar wannan.

Na shida, kada ka zuba kuɗin duka a jikin kyamara. Ware na batir na biyu, da kati mai sauri, da wurin ajiyar hotuna, don hoton RAW ɗaya, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yakan kai megabayit 25 ko fiye.

Mataki na ƙarshe shi ne gwajin ta hannu, tunda galibi ita ɗalibi ke iya saye. Je da katinka da lensinka, da kwamfuta in da hali, kuma da rana. Fara da adadin ɗaukar da ta yi. An ƙera labulen D750 da na 5D Mark III, wato abin da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa duk lokacin da ka danna, su jure ɗauka wajen 150,000. Wadda ta yi 30,000 da sauranta, wadda ta haura 120,000 sai da ragi mai yawa. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanin hoto, Canon kuwa yawanci sai an jona ta da kwamfuta. Daga nan sa ƙofar haske a f/16, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka faɗaɗa hoton. Ɗige-ɗigen ƙura ana gogewa, amma layi ko ƙarzuwa a kan sensa, ajiye musu kayansu. Haska tocilar waya ta cikin lensi; in ka ga zare-zare kamar yanar gizo, funfuna ce ta kama shi. Danna kowane maɓalli, juya kowace ƙafa, gwada ramukan kati duka biyu, ka leƙa ɗakin batir ko akwai tsatsa, ka duba sukurori ko an taɓa kwance su. Sannan ka sa mai shago ya rubuta lambar jikin kyamarar a kan rasit, tare da kwanakin da ya yarda ka dawo da ita in matsala ta ɓullo.